Jimmy Carter: Manomin gyaɗar da ya yaƙi kurkunu

DUK wanda ya kalli fim ɗin 'Argo' na Ben Affleck, wanda ya fito a 2012, ya kuma yi haƙuri bai tashi ba har sunaye su ka soma hawa, zai ji muryar wani dattijo ya na bayani a hankali. Muryar Jimmy Carter ce, Shugaban Amurka na 39. A labarin fim ɗin, shi ne shugaban da abubuwa su ka lalace a hannun sa. Da yawa daga cikin 'yan kallo iyakar sanin su da shi kenan: mutumin da Iran ta kunyata, Ronald Reagan ya kayar.

To, amma wannan kashi na ɗaya ne kawai. Bayan faɗuwar nan Carter ya ƙara shekara 44 da 'yan makonni a duniya, kuma a cikin su ne labarin sa ya biyo ta ƙauyukan mu. Ya rasu ran 29 ga Disamba, 2024, ya na da shekara 100 cif. Babu wani shugaban Amurka da ya taɓa kai wannan shekaru.

ƊAN ƘAUYE

An haifi James Earl Carter ƙarami ran 1 ga Oktoba, 1924, a Plains, wani ɗan ƙaramin gari a Jihar Jojiya da ke kudancin Amurka. Ya tashi a Archery, ƙauyen da ke kusa, inda akasarin mazauna baƙar fata ne masu noma a gonakin Turawa. Gidan su ba lantarki sai da ya zama saurayi. Tun ya na ƙaramin yaro ya ke tallar dafaffiyar gyaɗa a titin Plains.

Zamanin wariyar launin fata ne. Abokan wasan sa baƙaƙe ne, amma ba su shiga makaranta ɗaya, ba su shiga coci ɗaya. Mahaifin sa, Earl, manomi ne kuma ɗan kasuwa wanda ya yarda da wannan tsari. Mahaifiyar sa, Lillian, nas ce da ke shiga gidajen baƙaƙe ta yi jinyar su ba tare da ta damu da surutun mutane ba. Matar nan ba ta da dama: ta na da shekara 68 ta tattara ta tafi Indiya aikin sa-kai na jinya. A tsakanin uba da uwar nan yaron ya girma, kuma za mu ga yadda kowannen su ya ja shi.

Ita Lillian ɗin ce ta karɓi haihuwar wata yarinya 'yar maƙwabta a 1927, Rosalynn Smith. Jimmy na gab da cika shekara 3 aka kai shi ya leƙa jaririyar. Da marubuciyar littafin soyayya ce ta ƙirƙiro wannan, da mun ce ta cika zuƙi. Da ya girma ya nemi auren ta, da farko ta ƙi, domin ta yi wa mahaifin ta alƙawarin ƙare karatu. An ɗaura aure ran 7 ga Yuli, 1946.

SOJAN RUWA

A shekarar ce ya fito daga makarantar hafsoshin sojan ruwa ta Annapolis. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare ya na ɗalibi, don haka bai je fagen fama ba. Ya yi aiki a jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin teku, har aka zaɓe shi cikin samarin da za su yi aiki da Hyman Rickover, hafsan da ya kafa rundunar jirage masu amfani da makamashin nukiliya. Rickover mutum ne mai tsanani, ba ya yabo. Carter ya sha faɗa cewa in aka cire iyayen sa, babu wanda ya yi tasiri a rayuwar sa kamar shi.

A Disamba 1952 tukunyar nukiliya ta Chalk River da ke Kanada ta samu matsala. Laftana Carter na cikin waɗanda aka tura su kwance ta. Saboda gubar da ke wurin, kowane mutum daƙiƙa 90 kawai ya ke da ita a ciki. Sai su ka gina kwatankwacin tukunyar a waje su na gwaji, kamar yadda 'yan wasa ke rihazal, sannan mutum ya ruga ciki ya kwance abin da aka ba shi ya fito.

A 1953 ciwon daji ya kashe mahaifin sa. Carter ya ajiye kaki ya ce zai koma gida ya riƙe gona da sana'ar gyaɗa. Bai shawarci matar sa ba. Rosalynn, wadda ta ga duniya ta kuma tsere wa ƙauye, ta yi fushi har ta kusa daina yi masa magana a hanyar komawa. Shekarar farko a gidajen gwamnati na marasa ƙarfi su ka zauna. Daga baya ita ce ta riƙe littafin lissafin kamfanin, kuma shi da bakin sa ya amsa cewa yanke shawarar nan shi kaɗai kuskure ne.

DIKIN A COCIN TURAWA ZALLA

Ga wanda bai sani ba, a ɗarikar Baftis dikin ba fasto ba ne. Mutum ne daga cikin jama'a, mai sana'ar sa, wanda ikilisiya ke zaɓa saboda halin sa, ya riƙa kula da marasa lafiya da mabuƙata da harkokin coci. Carter ya zama dikin a cocin Baftis na Plains, ya na kuma koyarwa a makarantar Lahadi.

A nan aka fara gwada shi. Bayan Kotun Ƙoli ta haramta wariya a makarantu a 1954, Turawan kudu su ka kafa ƙungiyoyin kare wariya. Aka zo wa Carter da takardar shiga, ya ƙi. Wasu su ka ƙaurace wa kamfanin sa na wani lokaci. A tsakiyar shekarun 1960 kuma cocin su ya kawo shawarar hana baƙaƙe shiga ibada. Carter ya miƙe ya yi magana a kan kada a yi haka. Da aka kaɗa ƙuri'a, mutum shida ne kacal su ka bi ra'ayin sa, kusan duk 'yan gidan sa ne.

Amma fa kada mai karatu ya ɗauka waliyyi ne. Ya nemi gwamnan Jojiya a 1966 ya faɗi, aka zaɓi Lester Maddox, riƙaƙƙen ɗan wariya. Da ya sake fitowa a 1970 sai ya canza salo: ya yi zawarcin ƙuri'un masu ra'ayin wariya, ya yi ta sassauta harshe game da George Wallace, gwarzon su. Magoya bayan sa har sun yaɗa hoton abokin takarar sa, Carl Sanders, cikin baƙaƙen 'yan ƙwallon kwando don su ɓata shi a wajen Turawa. Ya ci zaɓe. Ranar rantsuwa, a Janairu 1971, sai ya tsaya gaban jama'a ya ce lokacin wariyar launin fata ya wuce. Waɗanda su ka zaɓe shi su ka ce ya yaudare su. Ya ɗauki baƙaƙe da dama aikin gwamnati, ya kuma rataya hoton Martin Luther King a majalisar jihar a 1974. Ko ƙarshen ya wanke hanyar da aka bi? Wannan tambaya ta bi shi har tsufa.

Ga wani abu da zai ba 'yan fim sha'awa. Bayan an ɗauki fim ɗin 'Deliverance' na 1972 a dazukan Jojiya, Gwamna Carter ya lura da kuɗin da masu fim su ka kashe a yankin. A 1973 ya kafa ofishi na musamman don jawo furodusoshi zuwa jihar. Bayan shekaru, da aka haɗa da rangwamen haraji, Jojiya ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren ɗaukar fim a duniya. A Atlanta aka ɗauki mafi yawan 'Black Panther' na 2018. Gwamnonin mu da ke ganin fim a matsayin abin hukuntawa kawai, sai su duba.

SHEKARA HUƊU A WHITE HOUSE

Lokacin da ya fito neman shugaban ƙasa, 'yan jarida na tambayar wai wane Jimmy? Amma Amurkawa sun gaji da ƙaryar yaƙin Biyetnam da abin kunyar Watergate. Manomin gyaɗa ya yi musu alƙawari ɗaya: ba zai yi musu ƙarya ba. A 1976 ya kayar da Gerald Ford da ƙuri'un wakilai 297 da 240. Ranar rantsuwa, 20 ga Janairu, 1977, ya sauko daga mota ya taka da ƙafa shi da matar sa da autar su Amy. Kashegari ya yi afuwa ga samarin da su ka gudu daga shiga yaƙin Biyetnam.

Mayen kallo ne. A shekara huɗu ya kalli finafinai fiye da 400 a ɗakin sinimar fadar, kuma na farko shi ne 'All the President's Men', fim ɗin da ya tona yadda Nixon ya faɗi.

A ƙarshen Maris 1978 ya sauka a Legas, baƙon Janar Olusegun Obasanjo. Wannan ce ziyarar aiki ta farko da wani shugaban Amurka ya kawo ƙasashen baƙar fata na Afrika. Jakadan sa a Majalisar Ɗinkin Duniya, Andrew Young, baƙar fata ne kuma tsohon na hannun daman King, ya matsa a kan mulkin tsirarun Turawa a Rodeshiya, wadda ta zama Zimbabwe a 1980.

A Satumba 1978 ya killace Anwar Sadat na Masar da Menachem Begin na Isra'ila a Camp David har kwana 13. Da mutanen biyu su ka kasa zama ɗaki ɗaya, shi ya riƙa zirga-zirga da takarda tsakanin masaukan su. Yarjejeniyar da ta biyo baya a 1979 ta mayar wa Masar yankin Sinai, ta kuma hana yaƙi tsakanin ƙasashen biyu tun daga lokacin. Sai dai batun Falasɗinawa ya tsaya a takarda. Ƙungiyar Larabawa ta dakatar da Masar, kuma a 1981 aka bindige Sadat.

Carter ya yi ta wa'azin haƙƙin ɗan'adam, amma aikin sa bai kai bakin sa ba a ko'ina. Gwamnatin sa ta ci gaba da sayar wa Indonesiya makamai alhali ta na murƙushe Timor ta Gabas. A daren ƙarshe na 1977 ya tsaya a Tehran ya yabi Shah na Iran da cewa ƙasar sa tsibirin zaman lafiya ce. Bayan shekara ɗaya da 'yan kwanaki juyin-juya-hali ya kori Shah. Da Carter ya bar shi ya shiga Amurka neman magani, ɗalibai su ka mamaye ofishin jakadancin Amurka ran 4 ga Nuwamba, 1979. Mutum 52 su ka yi kwana 444 a tsare.

A nan 'Argo' ya ɗauko labarin sa: ma'aikata shida da su ka ɓuya a gidajen jami'an Kanada, aka fitar da su a Janairu 1980 da sunan wai ma'aikatan fim ne masu neman lokeshin. Fim ɗin ya ci Oscar a 2013. Carter ya yaba shi a matsayin wasa, amma ya ce mafi yawan aikin 'yan Kanada ne su ka yi, musamman Jakada Ken Taylor, fim ɗin kuwa ya ba leƙen asirin Amurka ladar. Tseren motoci a filin jirgi da ya sa 'yan kallo riƙe numfashi ma bai faru ba. Darasi ga mai ɗaukar fim a matsayin littafin tarihi.

Yunƙurin ceto sauran da ƙarfin soja a Afrilu 1980 ya watse a hamada, sojoji 8 su ka mutu. Ga tsadar kaya, ga layin mai. Da Rasha ta shiga Afganistan, Carter ya ce a ƙaurace wa wasannin Olamfik na Mosko, har ya turo Muhammad Ali ya lallashi ƙasashen Afrika. Ali ya zo Nijeriya, amma Nijeriya ta je Mosko abin ta. A zaɓen Nuwamba Reagan, tsohon ɗan wasan Hollywood, ya yi masa kaca-kaca: 489 da 49. Iran ta saki mutanen ran 20 ga Janairu, 1981, mintoci kaɗan bayan Carter ya sauka.

KURKUNU

Ya koma Plains ya na da shekara 56, ya tarar da kamfanin gyaɗar sa cikin bashin fiye da dala miliyan ɗaya. Dole aka sayar. Ya shiga gidan da ya gina tun 1961, kuma a ciki ya zauna har ya mutu. A 1982 shi da Rosalynn su ka kafa Cibiyar Carter a Atlanta.

Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, sai dai su tambayi kakannin su abin da ya jawo tabon da ke ƙafar su. Mutum zai sha ruwan tafki mai ɗauke da ƙwayoyin tsutsar. Bayan kamar shekara guda sai ƙurji ya fito, galibi a ƙafa, tsutsa mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta soma leƙowa. Zafin kamar wuta, sai mai ciwon ya tsoma ƙafa a tafki don ya ji sanyi, nan take tsutsar ta zuba 'ya'yan ta a ruwan da gari ke sha. Ba allura, ba ƙwaya. Sai dai a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, makonni ana abu ɗaya. Kuma ta fi kwantar da mutane a lokacin aikin gona, shi ya sa ta ke tafe da yunwa.

Lokacin da Cibiyar Carter ta ɗauki yaƙin a 1986, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa duk shekara a ƙasashe 21 na Afrika da Asiya. A 1988 Carter ya ga cutar da idon sa a ƙauyukan Gana. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980 ta gano mutum fiye da 650,000, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Makaman yaƙin kuwa ba su da wani kwarjini: ƙyallen tace ruwa, bututun sha mai matata ga makiyaya da matafiya, maganin da ake zubawa a tafki, rijiyar burtsatse, da 'yan sa-kai na ƙauye masu rubuta duk wanda ya kamu su kuma hana shi shiga ruwa. A ƙarshen shekarun 1990 Carter ya jawo Janar Yakubu Gowon cikin aikin, shi kuma ya bi ƙauyuka ya na matsa wa gwamnoni da ciyamomi su haƙa rijiyoyi. A Sudan, a 1995, Carter ya shawo kan gwamnati da 'yan tawaye su ka tsagaita wuta na kusan wata shida don ma'aikatan lafiya su shiga.

An ga mai kurkunu na ƙarshe a Nijeriya a Nuwamba 2008. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da cutar, Gana kuma a 2015. A 2023 mutum 14 kacal aka samu a duk duniya, mafi yawan su a Chadi, inda tsutsar ta koma jikin karnuka ta ƙara wa aikin wuya.

Bai tsaya nan ba. A 1995 ya roƙi Janar Sani Abacha a kan Obasanjo da ke tsare. A 1999 ya zo sa ido a zaɓen Nijeriya, kuma duk da abokin sa ne ya ci, ya faɗi cewa yawan ƙuri'un da aka sanar a wasu jihohi bai yi daidai da mutanen da su ka gani a layi ba. A 2002 aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya.

MAI ALƘALAMI, MAI GUDUMA

Ya rubuta littattafai sama da 30. A 2003 ya fitar da 'The Hornet's Nest', ƙagaggen labari na farko da wani shugaban Amurka ya rubuta. Wanda su ka yi tare da Rosalynn a 1987 kuwa ya kusa raba su, domin kowa na ganin na sa tunanin ne daidai, sai da edita ya raba musu sakin layi, kowa da alamar sa. Littafin sa na 2006, 'Palestine: Peace Not Apartheid', ya jawo masa zagi a ƙasar sa, har mutum 14 su ka fice daga kwamitin masu ba cibiyar sa shawara. Darakta Jonathan Demme ya bi shi da kyamara a rangadin tallar littafin, ya fitar da 'Jimmy Carter Man from Plains' a 2007. Fim ne mai tsawo, kuma a gani na Demme ya so dattijon da yawa, bai matsa masa ba. Duk da haka ya cancanci kallo, ko don a ga ɗan shekara 82 ya na shan tambayoyi masu zafi bai ɗaga murya ba.

A gida kuwa ya koma cocin Maranatha, wanda ya ɓalle daga tsohon cocin su a 1977, a lokacin da rigimar karɓar baƙaƙe ta raba kan jama'a. A nan ya ci gaba da zama dikin. In layi ya zo kan sa ya yanke ciyawar harabar, kuma da hannun sa ya sassaƙa farantan katako na karɓar baiko. Baƙi kan kwana a mota don su samu wurin zama a darasin sa na Lahadi. A 2000 ya raba gari da babbar ƙungiyar Baftis ta kudancin Amurka, wadda ta turo mishan ƙasar Yarbawa a 1850, saboda ta ce mace ba za ta zama fasto ba. Daga 1984 kuma duk shekara shi da matar sa kan ɗauki mako guda su na gina wa talakawa gidaje tare da ƙungiyar Habitat for Humanity. A 2019, ya na da shekara 95, ya faɗi a gida aka yi masa ɗinki 14 a goshi, amma ya bayyana a wurin gini a Nashville da baƙin ido da guduma.

Ciwon daji ya kashe mahaifin sa da ƙannen sa uku. A 2015 shi ma aka same shi da shi a hanta da ƙwaƙwalwa. A taron 'yan jarida ya ce burin sa kurkunu na ƙarshe ya riga shi mutuwa. Ya warke daga dajin. A Fabrairu 2023 ya ce ya gama da asibiti, a bar shi a gida. Rosalynn ta rasu ran 19 ga Nuwamba, 2023, bayan shekara 77 da aure da 'ya'ya huɗu. Sun ce sirrin su biyu ne: karatun Littafi Mai Tsarki tare kowane dare, da ƙin kwanciya da fushi. Aka kawo shi jana'izar ta a keken guragu, da bargo mai hoton su a ƙafa. Bayan wata 13 ya bi ta. An yi masa jana'izar ƙasa a Washington ran 9 ga Janairu, 2025, aka mayar da shi Plains aka binne kusa da ita.

Burin sa bai cika ba, domin ya bar 'yan tsutsotsi kaɗan a duniya. Amma a ƙauyukan da a da rabin gari ke kwance da damina, yanzu yara na zuwa makaranta ba su ma san sunan cutar ba, balle sunan sa. Su ma 'yan sa-kan da su ka yi ta yawo da ƙyallen tacewa da littafin rubuta suna, sun tsufa, kuma su na nan a cikin mu. Marubutan mu da daraktocin mu, ga labari nan a ƙofar gida. A je a same su tun su na iya ba da shi.